Garmahon mahaifina ya yi hayaƙi: ta ina zan fara gyara?

Abdu Lazare: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Bayan rasuwar mahaifinmu, da aka buɗe ɗakinsa a Tawa, an sami na'urar juya faifai, wadda mu muka tashi muna ce wa turne-disk, tsofaffi kuma suna ce mata garmaho, tare da faifai kusan 60 a cikin akwatin ƙarfe. Ƙirar Jamus ce ta farkon shekarun 1970, kuma rabon da a kunna ta ya fi shekara 20. Na kawo ta nan Yamai, na kakkaɓe ƙura, na goge duk abin da hannuna ya kai, sannan na jona ta. Da farko farantin ya juya, amma bayan ƴan mintoci sai na ji ƙara kamar an fasa ƙwan fitila, hayaƙi mai wari ya fito daga ƙarƙashi. Abin mamaki shi ne har yanzu tana juyawa, sai dai ba ta tsayawa ko da hannun ya koma mazauninsa, dole sai na zare fis daga priz, wato soket ɗin bango. Ban da wannan, lasifikar hagu ba ta magana, ta dama kuma tana gurnani, muryoyin mawaƙa kuwa sun yi nauyi kamar masu jin barci. Ina neman shawara kafin in ƙara yin ɓarna.

Malam Isufu Bukoki: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makoma. Ɗana, abu na farko shi ne ka zare fis ɗin nan, kada ka sake jona shi sai mun gama magana. Abin da ka lissafa cuta huɗu ce, kuma kowace da mazauninta, saboda haka kada ka ɗauka abu guda ne ya lalace. Hayaƙin da ƙin tsayawa uwarsu ɗaya: a jikin makunnin da ke ba inji wuta akwai ƙaramin kondansatar, aikinsa shi ne ya haɗiye tartsatsin da ke tashi duk lokacin da makunnin ya buɗe. Na wancan zamani da takarda aka yi cikinsu, idan suka tsufa jikinsu yakan tsage, danshi ya shiga, ranar da aka ba su wuta sai su fashe. Idan ya ƙone ya haɗe ƙafafunsa biyu, wuta za ta riƙa bi ta cikinsa tana tsallake makunnin, shi ya sa injin ba ya tsayawa. Ka kifa na'urar a kan matashi, bayan ka ɗaure hannun allura, ka buɗe murfin makunnin, za ka gan shi ya yi baƙi ko ya dare.

Sule Wadata: Malam ya faɗi gaskiya, kuma maganin ba shi da wuya. A yanke shi da filaya a jefar, na'urar za ta yi aiki lafiya ba tare da shi ba, domin na taɓa yin haka a wata tsohuwar keken ɗinki mai lantarki kuma har yau tana aiki. A ganina ma, yaya Abdu, idan waƙoƙin kake so, yawancinsu za ka same su a intanet, ko kuma ka sayi sabuwar na'ura mai USB ka huta.

Hajiya Rabi: Sule, rabin maganarka daidai ne, rabi kuma zai jawo wa Abdu asara a gaba. Gaskiya ne injin zai tashi kuma zai tsaya ko babu kondansatar ɗin, don haka yanke shi hanya ce mai kyau ta gwaji. Amma idan aka bar shi haka, duk lokacin da na'urar ta tsaya za a ji "ƙas" mai ƙarfi a lasifika, kuma tartsatsin zai riƙa cin bakin makunnin a hankali har ya daina haɗuwa, makunni irin wannan kuwa ba ka samun sabonsa a kasuwa. Abin da ya kamata shi ne a karanta adadin da ke jikin tsohon, wanda sau da yawa nanofarad 10 ne, a sa sabo mai alamar X2, wanda aka rubuta masa bolt 275 na wutar gida. Irin wannan an ƙera shi ne don ya zauna a kan wutar priz, kuma idan zai mutu ba ya kamawa da wuta. Kada a ciro kowane irin kondansatar daga mataccen rediyo a liƙa, ko da adadinsu ya zo ɗaya.

Alhaji Mamman: Ina so in ƙara gargaɗi ɗaya a kan maganar yankewa, domin na ga an yi wannan kuskure. Ba kowane kondansatar da ke kusa da inji ne na kashe tartsatsi ba. Wasu na'urori masu bel, wato ɗamarar robar da ke juya faranti, suna da ƙaramin inji mai naɗi biyu, kuma kondansatar ne yake jinkirta wutar naɗi na biyu don injin ya san ɓangaren da zai juya. Idan wannan ya mutu ko aka cire shi, injin zai tsaya yana rawar ɗari, idan ka tura shi da yatsa ya bi duk inda ka tura, har da baya. Saboda haka a bi wayoyi da ido tukuna: wanda ƙafafunsa biyu suke kan bakin makunni shi ne wanda Malam Isufu yake nufi. Game da intanet kuwa, Sule, da yawa daga ƙananan faifan da aka sayar a garuruwanmu a shekarun 1960 da 1970 ba wanda ya taɓa kwafe su, kuma ko an kwafe, mutum yana da haƙƙin ya ji abin mahaifinsa a kan abin mahaifinsa.

Abdu Lazare: Na gode ƙwarai. Na buɗe, kuma ga shi nan kamar yadda Malam ya kwatanta, ya tsage gida biyu, ƙafafunsa a kan makunnin. Na yanke shi don gwaji, yanzu injin yana tsayawa idan hannu ya koma. Zan nemi sabo irin wanda Hajiya ta faɗa. Na kuma tarar da kashin ɓera a ciki, da waya guda baƙa siririya da aka gutsure ta.

Malam Isufu Bukoki: To, ɓeran nan ya ba mu rabin amsar gurnani. Kafin in yi bayani, ga wata dabara da ya kamata duk mai ta da tsohuwar na'ura ya riƙe. A haɗa ƙwan fitila na da, mai zare a ciki, na wat 60, a jere da wayar wuta, yadda wutar za ta ratsa ƙwan kafin ta isa na'urar. Idan akwai inda wayoyi suka haɗe, ƙwan ne zai haskaka sosai ya riƙe wutar, maimakon naɗin inji ya ƙone. Idan kuwa lafiya lau ne, zai yi ja kaɗan ko ya ƙi kamawa. Ƙwan zamani na LED ba ya wannan aiki. Da ka yi haka tun farko, da wataƙila ba ka sha hayaƙi ba.

Yanzu gurnani. Abin da kan allura mai maganaɗisu yake fitarwa ɗan mitsitsi ne, wajen milibolt 3 zuwa 5, don haka ampli, wato akwatin ƙara ƙarfin sauti, yana ninka shi sau ɗaruruwa, kuma yana ninka duk wata ƙazantar da ta biyo shi. Baƙar wayar da ɓera ya ci ita ce wayar mas, wadda ke haɗa ƙarfen na'urar da hannun allura zuwa ƙusar da aka rubuta wa GND a bayan ampli. Ka gyara ta, sannan ka saurara da kunnen mai gyara. Idan gurnanin yana sauyawa lokacin da ka taɓa hannun allura da yatsa, har yanzu mas bai haɗu ba. Idan yana ƙaruwa ko raguwa yayin da kake matsar da hannun daga gefe zuwa tsakiya, to akwai naɗin waya a kusa da yake hura wa kan allurar maganaɗisu. Idan kuwa yana nan daram ko ka mayar da murya sifiri, ka ƙyale garmaho, cutar tana cikin ampli, manyan kondansatocin tace wuta ne suka bushe, kuma sautinsu ya fi na farko siranta domin herz 100 ne, wato bugu 100 a daƙiƙa, ba 50 ba.

Hajiya Rabi: A kan lasifikar hagu, hanya mafi sauƙi ita ce a bi sautin daga ƙarshe zuwa farko. Ka musanya jar fis da farar fis a bayan ampli. Idan shirun ya koma dama, ampli da lasifika sun fita daga zargi. Daga nan ka duba wayoyi huɗu da ke bayan kan allura: fara da shuɗiya na hagu ne, ja da koriya na dama. Ka rage murya, ka taɓa ƙafar farar wayar da bakin ƙaramin sukudireba. Idan ka ji "buuu" a hagu, hanyar tana da rai tun daga nan har ampli, kuma kan allurar ne abin tuhuma. Sai ka zare wayoyin ka auna naɗinsa da miltimetir mai lambobi, fara da shuɗiya, sannan ja da koriya. Ya kamata ka ga ɗaruruwan om, kuma ɓangarorin biyu su yi kusan daidai. Abu ɗaya da nake roƙonka shi ne kada ka kai ƙarfen dalma kan ƙafafun kan allura, domin wayar da ke ciki ta fi gashi siranta, zafi kaɗan zai tsinke ta, kuma babu gyara bayan haka.

Idan ba ka ji komai ba da ka taɓa, akwai wani wuri da mutane ke mantawa. Na'urori masu ɗaga hannu da kansu suna da makunnin yin shiru a ƙarƙashi, ƴan siraran ƙarafa ne da ke haɗe sautin da mas a lokacin da hannu yake tafiya, don kada a ji ƙarar haƙoran inji a lasifika. Idan ɗaya ya lanƙwashe ko tsatsa da ƙurar hunturu suka manne shi, ɓangarensa zai yi shiru har abada alhali komai lafiya yake.

Sule Wadata: Ni fa ina ganin tunda an riga an buɗe, gara a canza duk wayoyin da duk wani kondansatar da ke cikin garmahon da amplin a lokaci guda. Abin da ya shekara 50 ai duk ya gaji, me za a jira?

Malam Isufu Bukoki: Sule, a nan ne ni da kai za mu rabu. Na fi shekara 40 ina wannan aiki, kuma na'urorin da suka fi ba ni wahala su ne waɗanda wani ya riga ya canza musu komai, domin ya shigo da kuskure uku a wurin da cuta ɗaya take, kuma ba wanda ya san ta inda aka fara. A gyara abu ɗaya, a gwada, a rubuta, sannan a wuce gaba. Wayoyin da ke cikin hannun allura musamman, idan ba su tsinke ba a bar su, saboda taurin sabuwar waya kaɗai yana iya hana hannun tafiya cikin sauƙi.

Hajiya Rabi: Malam, a kan wayoyin hannu ina tare da kai. A kan ampli kuwa ina ɗan karkata wajen Sule, domin kondansatocin da ke da ruwa a ciki zafi ne yake cinye su, kuma ɗakin kwano a Tawa cikin watan Afrilu da Mayu ba wurin da za su yi tsawon rai ba ne. Ni zan auna su, wanda ya kumbura ko ya zubar ko ya ragu sosai in canza shi tare da abokin zamansa na ɗaya ɓangaren. Amma wannan aikin wata rana ne, kuma manyan suna riƙe wuta bayan an kashe, don haka ba aikin mai koyo ba ne shi kaɗai.

Alhaji Mamman: Maganar zafi ta tuna mini da ƙananan akwatunan da muka yi samartaka da su, irin Teppaz da ake ƙerawa a Liyon ta Faransa a wancan zamani, masu lasifika a jikin murfi. Yawancin na'urorin wancan aji ba kan maganaɗisu suke da shi ba, na ƙiristal ne ko na seramik. Na ƙiristal ɗin da wani gishiri ake yin sa, gishirin Roshel, wanda danshi ke narkar da shi, zafi kuma idan ya kai wajen digiri 55 yake lalata shi, shi ya sa da wuya ka sami mai rai a ƙasar nan. Duk wanda ya sami irin wannan akwati yana magana ƙasa-ƙasa, ya fara zargin kan allura kafin ya zargi transisto. Kuma a yi hattara da wasu tsofaffi masu fitilun kwalba waɗanda ba su da transfo, wato na'urar sauya ƙarfin wuta, a ciki, domin ƙarfen jikinsu yana iya ɗaukar wutar priz kai tsaye, gwargwadon yadda aka juya fis. Ban da wannan, Abdu, ka tabbata ramin da aka rubuta wa PHONO ka jona, ba AUX ba. Tun 1954 aka daidaita a kan ma'aunin RIAA, inda ake rage kauri a ƙara siranta lokacin yanka faifai, ramin PHONO ne kuma yake mayar da sautin yadda yake.

Abdu Lazare: Alhamdu lillahi, hagu ta dawo. Makunnin yin shirun ne, ɗaya daga ƙarafan ya manne, na goge shi da takarda da alkol na ɗan miƙe shi. Na kuma liƙa wayar mas, gurnanin ya ragu sosai, sai dai yana ƙaruwa idan hannu yana gefe, wato kusa da inda na ajiye transfon Baba. Saura nauyin murya. Na manna takarda a bakin faranti na ƙirga da agogo, sau 28 yake zagayawa a minti ɗaya, alhali maɓallin gudu yana kan 33.

Malam Isufu Bukoki: Wannan kam busasshen giris ne. Man da aka sa tun a masana'anta ya zama kamar ƙaro, ga kuma robar tayar da ke tsakanin inji da faranti ta yi tauri tana sulɓi. A wanke gindin faranti da mazaunan inji, a ɗiga man keken ɗinki, za ka ga ya dawo.

Hajiya Rabi: Dakata, Malam, a yi mini afuwa. Abdu, wane transfo kake nufi? Ba ka ambace shi a farko ba. Ka duba ƙaramin allon da ke ƙarƙashi ko bayan na'urar, ka rubuto mana duk abin da ke jiki.

Abdu Lazare: Wani baƙin akwati ne mai nauyi da Baba yake jona garmahon a ciki, na ɗauka na kare wuta ne. A allon an rubuta 110 V da 60 Hz. Na tambayi Inna, ta ce Baba ya saye shi ne a hannun wani Ba'amurke ɗan ƙungiyar ƴan sa-kai ta Peace Corps da ya koyar da Ingilishi a Tawa, lokacin da zai koma gida.

Hajiya Rabi: To, ga amsar nan, kuma lissafi ne ya ba da ita. Wutar ƙasarmu bolt 220 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa bugu 60 take yi. Transfo yana sauke bolt daga 220 zuwa 110, amma ba ya taɓa yawan bugun ko kaɗan. Injin irin wannan na'ura kuma da bugun wuta yake auna gudunsa: mai kawunan maganaɗisu huɗu yana juyi wajen 1800 a minti a kan herz 60, a kan 50 kuwa 1500 kawai. Ka ɗauki 33 da sulusi ka ninka da 50 ka raba da 60, za ka sami 27.8, wato 28 ɗin da ka ƙirga. Busasshen giris ba ya ba da adadi tsayayye haka, gudun yakan yi ta hawa da sauka, ya ɗan gyaru idan inji ya ɗumama. Maɓallin daidaita gudu da ke jikinta ba zai cike wannan giɓi ba, domin abin da yake iya ƙarawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba, mu kuwa kashi 20 muke nema. Shi kuma transfon ka nisanta shi da kamar mita guda daga kan allura, sauran gurnanin zai tafi.

Malam Isufu Bukoki: Hajiya ta fi ni gaskiya, na janye. Amma akwai tambayar da ta tsaya mini. Mahaifinka ba zai yi shekaru yana sauraron waƙa a kan 28 bai lura ba, mai kunne ba zai jure wannan ba. Lokacin da ka ce ka goge duk abin da hannunka ya kai, me ka tarar a kan sandar injin, wadda tayar roba ke gogawa?

Abdu Lazare: Inna lillahi. Akwai wani abu baƙi busasshe da ya naɗe ta, yana farfashewa, na ɗauka datti ne na kankare shi da wuƙa.

Malam Isufu Bukoki: Ba datti ba ne, gyaran wani magabacinmu ne. Haka muke yi a da: a sami siririn bututun roba ko rigar waya a zura a kan matakan sandar don ta ƙara kauri, a yi ta gwadawa har gudun ya zo daidai. Kada ka damu, ko ba ka kankare ba ya riga ya mutu.

Sule Wadata: Maimakon a koma ga roba, me zai hana a ba ta wutar da ta saba? Akwai ƙananan ondilar da ke karɓar bolt 12 daga batir su fitar da 110 a kan herz 60, irin waɗanda ake yi don kasuwar Amurka, injin nan kuma bai kai wat 20 ba. Da batir ɗin sola ma sai ta yi aiki ko an ɗauke wuta, kuma gudunta ba zai bi na gurup, wato janareta, ba, wanda bugunsa ke sauka duk lokacin da aka ɗora masa kaya.

Alhaji Mamman: Wannan shawara ta Sule tana da ma'ana, da sharaɗin ondilar ɗin ya kasance mai fitar da tsantsar igiyar sinus, wato wuta mai hawa da sauka sumul irin ta priz. Masu araha suna fitar da wuta mai tsalle-tsalle kamar matakala, wadda ke sa inji zafi da kuka, kukan kuma yana bi ta faranti ya shiga allura. Ni dai na fi son gyaran da ba ya buƙatar wani akwati: masana'antun sun yi kan sandar iri biyu, na herz 50 da na 60, ƙusa ɗaya ke riƙe shi. Idan ba a sami na 50 ba, mai injin tur, wato injin fere ƙarfe, da ya iya aikinsa zai fere sabo da tagulla, kowane mataki ya fi na tsohon kauri da kashi ɗaya cikin biyar. Wannan wahalar ce ta sa na'urori irin Technics SL-1200, da ta fito a 1972, suka yi farin jini, domin farantin yana kan injin kai tsaye, kuma lantarkin cikinta ne ke tsara gudu, ba bugun priz ba.

Hajiya Rabi: Idan aka bi hanyar Alhaji, a tuna cewa injin da aka naɗa don herz 60 yana ɗan ƙara zafi a kan 50, saboda haka a jona shi a ramin 110 na transfo, kada a kai shi 127 idan akwai, kuma a taɓa shi bayan rabin awa a ji. Wajen gwaji kuma, ƙirgar minti ɗaya ba ta isa ba. A ƙirga na minti 3, ya kamata a sami zagaye 100 cif.

Abdu Lazare: Ga labari bayan mako biyu. Na sa sabon kondansatar X2, "ƙas" ɗin ya ɓace. Na kai kan sandar wurin wani mai tur a wajen kasuwar Katako, na farkon da ya fere ya ɗan karkace, ana jin murya tana rawa, sai a na biyu aka dace. Na kuma wanke giris ɗin kamar yadda Malam ya ce, domin shi ma ya bushe ɗin. Na ƙirga 101 a minti 3, na rage da maɓallin daidaitawa har ya zo 100. Na kunna wa Inna ta waya, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in juya ɗaya gefen. Injin yana ɗumi bayan rabin awa, amma ina iya ɗora yatsa a kai in bar shi.

Malam Isufu Bukoki: Ɗumin da yatsa ke jurewa ba komai ba ne. Ka naɗe tsohon kan sandar a takarda, ka rubuta 60 Hz a jiki, ka manna shi a cikin akwatin na'urar don wanda zai buɗe ta bayanka. Kuma kada ka ƙara ɗora faifan nan a kan tsohuwar allurar. Ranar Asabar ka zo da kan gaba ɗaya rumfata bayan la'asar, in duba bakinta da madubin ƙara girma, mu ga lambar da za a nema.